Durgun Iya da Shinkafar Ɓera

Gidan da na tashi a Malali yana da kicin a ciki har da risho, amma Iya ba ta taɓa yarda cewa abin da aka tuƙa a kan risho sunansa tuwo ba. Iya ita ce mahaifiyar Babana, Bakatsiniya ce, an ɗauko ta daga ƙauye bayan rasuwar kakanmu. Satinta ɗaya da zuwa ta sa aka nemo mata duwatsu uku ta kafa murhu a bayan gida, jikin katangar kwanon da ta raba mu da gidan Maman Sadiya. Sati na biyu ta kwaɓa laka ta gina akurki da hannunta. Baba ma'aikacin gwamnati ne mai son a ga gidansa fes, ya yi ƙunƙuninsa ya gaji, don wa zai iya ce wa Iya a'a?

Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba da Mama ba sa iya kama sunana, sai dai Ummi. Ita kuwa Takwara take ce mini, ranar da na ɓata mata rai kuma in koma ɓarauniyar suna. Tsakanin Magariba da Isha'i, in an sauke tuwo garwashi ya yi jawur, sai ta binne mana dankali a toka, ni da ƙannena biyu mu zagaye ta a tabarma. A nan muke shan tatsuniya, hayaƙi na sa mu hawaye, sauro na cin ƙafafunmu, ba wanda yake motsawa.

A cikin kwando ta taho da kazarta daga ƙauye, wata durgu mai gajerun ƙafafu, mai tafiya kamar an aike ta ba ta so. Durgu kawai muke ce mata. Cikin duk abin da Iya ta baro a gidan mijinta, wannan kazar ce kaɗai mai rai da ta biyo ta Kaduna. Ina aji biyar a firamare Durgu ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara, Iya ta nuna wata mai ɗigon baƙi a ka ta ce tawa ce.

Unguwarmu akwai ɓeraye, manya-manya, masu fitowa daga kwata. Iya kusu take ce wa ɓera, kuma tana da dokokinta a kansa. Kafin Magariba a kwashe ragowar dusa, a zubar da ruwan kasko, a rufe garwar dusa a ɗora mata dutse. In an ga rami a cusa fasasshiyar kwalba a liƙe da laka. Tarko kuwa jikin bango ake ɗana shi da ɗan ƙuli-ƙuli, a ɗauke da sassafe kafin a buɗe kaji. Maganin ɓera ne kawai ba ta yarda ko a ambata ba.

"Gidan da ke da kaza ba a zuba magani, Takwara," in ji ta. "Kaza ba ta san wa aka aje ma ba, abin da ta gani a ƙasa nata ne."

Kwashe dusa aikina ne. To, a daidai lokacin ne ake nuna wani wasan kwaikwayo a talabijin, ni kuma in ban gani ba gobe a makaranta ba ni da bakin magana. Sai na ɓullo da dabara, in tura kaskon dusar bayan akurki da ƙafa, in ruga falo. Kwana shida ina haka. Ɓeraye suka samu gidan biki, da dusar ta yi musu kaɗan suka yi rami suka shiga akurkin. 'Yan tsaki biyu suka ɓace, na uku aka same shi a mace babu ƙafa ɗaya.

Iya ta dube ni ta ce, "In kusu da sata, daddawa ma da wari. Kina kwashe dusar nan kuwa?"

Na ce wallahi ina kwashewa. Ko ido ban ƙifta ba.

Da na tsaya a wannan ƙaryar da da sauƙi. Amma sai na ce bari in gyara ɓarnata a ɓoye, in kashe ɓerayen kafin a gano ni. Akwai wani mai maganin ɓera da ke zagaya unguwa a keke da lasifika, ya rataya busassun ɓeraye a gaban keken. Na hana cikina ƙosai, na ba shi kuɗin tarata na makaranta, ya ƙulla mini jar shinkafar ɓera a 'yar leda. Da Iya ta rufe kaji ta tafi alwala, na barbaɗa ta kaf a bayan akurki, jikin katangar kwano, da nufin in share da safe kafin a buɗe. Da safen na makara, Mama na ta faɗa, na suri jaka na fita a guje. Sai da malamin lissafi ya shigo aji na tuna.

Da na dawo na tarar da Iya zaune a kan 'yar kujerarta, Durgu a cinyarta ta sandare, 'yan tsakin shida jere a faifai, har da tawa mai ɗigon baƙi. Ba kuka take yi ba, shafa fiffiken kazar kawai take yi. Ko yanka ba a samu an yi ba, mushe ce, sai binnewa.

Mama ce ta ga jajayen ƙwayoyin a gindin katanga. Ga shi kuma satin da ya wuce Maman Sadiya ta yi ƙorafi cewa kajin Iya sun bi ta ƙarƙashin kwano sun tone mata alayyafo, har ta ce in sun sake kada a ga laifinta. Shi ke nan, magana ta haɗu. Mama ta tsaya a bakin katanga ta gaya wa matar nan maganganun da ba zan iya maimaitawa ba. Maman Sadiya, wadda ke yi mini kitso duk Alhamis ba ta taɓa karɓar komai ba, tana kuka tana cewa a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ina tsaye a ƙofar kicin ina jin komai. Baba ya dawo daga ofis ya ce gobe zai kai maganar gaban mai unguwa.

Ranar ba a binne dankali ba, amma bayan Magariba Iya ta kira mu tabarma kamar kullum. Kafin ta fara, ta kwance bakin zaninta ta ciro wata 'yar leda mai jan gari a gindi. Ita ce ta wanke mini kayan makaranta da la'asar, ni kuma na manta ledar a aljihu. Ta jefa ta a garwashi ba ta ko kalle ni ba. Ƙannena ba su lura ba.

"To ga ta nan, yau gajera ce," ta ce. "Mai kunne ya matso."

Wai a wani gari rijiya ɗaya ce tal, guganta ma ɗaya. A lokacin kusu da rana yake yawo, tsakiyar hanya, ana gaisawa da shi kamar kowa. Wata rana ya ji ƙanshin man shanu a jikin igiyar guga, inda wata mata ta kama da hannun maiƙo. Ya ce bari ya ɗan lasa. Daga lasa sai gutsura, daga gutsura igiya ta tsinke, guga ya faɗa rijiya. Gari ya tashi babu ruwa. Aka ce ai an ga Bushiya a bakin rijiya jiya, kuma ga ƙayoyi a jikinta, wa zai yanke igiya in ba ita ba? Aka tara jama'a, aka yi shela sau uku cewa wanda ya san wani abu ya faɗa. Kusu na tsakiyar taro, zaren igiya maƙale a haƙorinsa, ya rufe baki gam. Aka kori Bushiya daji da jifa.

"Ba wanda ya kama shi," in ji Iya, tana tura itace da ƙafa. "Ba wanda ya taɓa shi. Amma tun daga rannan bai ƙara iya ratsa tsakiyar ɗaki ba, sai jikin bango, sai an kau da ido. Ba tsoron kyanwa ba ne, ɗiyan nan. Kunya ce."

Ƙanena ya ce, "Iya, ba ki ce ƙurunƙus ba."

Ta ce, "Yau ban yanke kan kusun ba. Na bar mashi, ko zai yi magana."

Ta gyara zama a tabarma. Na san ni take jira. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna bulalar Baba, na tuna bakin Mama, na tuna yadda Sadiya, 'yar maƙwabciyar tamu, za ta kai labarin makaranta. Na sunkuyar da kai ina tsinkar tabarma har aka kira Isha'i. Tir da ni, wallahi.

Da Baba ya dawo daga masallaci ta kira shi bayan gida, muna nan zaune.

"Kada ka tahi wurin mai unguwa," ta ce. "Ku rabu da ɗiyar mutane. Maganin daga gidan nan ya hito, ka bar shi a wuyana."

Baba ya yi sororo. "Iya, ke da kanki? Ke da kike hana kowa?"

Ta ci gaba da gyara garwashinta. Ya shafa kansa, ya sassauta murya, kuma da ma tsawa ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Iya, tsufa ya fara taɓa ki. Yau kaji ne, gobe fa in yara ne? A haƙura da kiwon nan haka."

Washegari tsohuwar nan ta yafa mayafinta ta shiga gidan Maman Sadiya, ta durƙusa wa matar da ta haifi kamarta, ta nemi gafara. Ranar Asabar aka rushe akurkin. Daga nan aka fara ɓoye mata ashana da magungunan asibiti, in za ta hura murhu sai Mama ta tsaya a kanta. In ta ajiye carbi ta neme shi, kamar yadda kowa ke yi, sai a kalli juna. Matar da ta haddace sunan kowa a zuriyarmu har kakanni huɗu aka mayar mai gigin tsufa, ni kuma ina cin tuwonta kullum. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya, ta ci gaba da ce mini Takwara, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na yi ta cewa gobe zan faɗa, har ta rasu bayan shekara uku.

Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar barazana ce, wato ta nuna mini ta gano ni. Sai da na girma na fahimci ƙofa ta buɗe mini, ta tsaya tana riƙe da ita, na ƙi shiga. Da ta so tona ni ai ledar na hannunta. Ba ta yarda a kori Bushiya ba, ba ta kuma yarda ta matse bakin kusu ba, sai ta ɗauki jifan da kanta.

Na gaya wa Baba bayan na yi aure har na haihu, shi kuma ya yi ritaya. Muna zaune a barandar gidansa na kwashe labarin duka, tun daga kaskon dusa. Na zaci zai yi dariya ya ce yarinta ce. Bai yi dariya ba.

"Ummi," ya ce, "kina zaune a wurin na ce wa uwata ta rikice?"

Na ce, "Ina zaune, Baba."

Ya ce, "Kuma sunanta na sa miki."

Ya tashi ya ɗauki buta, alhali lokacin salla da saura. Daga baya ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe ɗin. Amma wadda ya kamata ya je ya ba haƙuri tana maƙabarta, kuma ni ce na jinkirta shi har hakan ta faru.

Yanzu ina da nawa akurkin a bayan gidana a Kurmin Mashi. Ɓeraye suna nan, jikokin na da. Da kaina nake kwashe dusa kafin Magariba, ba na aiken kowa. Mai lasifika ya wuce ƙofar gidana sau nawa, ban taɓa leƙawa ba. Tarko nake ɗanawa da ƙuli-ƙuli, jikin bango, inda Iya ta ce a nan suke bi. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe da Baba, yana zaune a falo, ga fili a tsakiya ba kowa. Sai da na kai wurinsa na durƙusa, sannan na lura ashe ta jikin bango na zagayo.