Ranar da Hajiya Maryam ta karɓe mana kicin

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da wata tsohuwa 'yar Biyetnam ta mayar da ni ɗalibi a kicin ɗina ba. Ku da kuka zo aiki bana, ku saurara.

A lokacin ni ne mu'allim, wato shugaban masu girki, a wani masaukin alhazai a unguwar Aziziyya, nan Makka. Farkon Zulhajji aka sauke mana wata 'yar tawaga daga Biyetnam. Wallahi kafin nan ban san akwai Musulmi a ƙasar ba. Muka dinga aika musu abin da muka iya, kabsa, shinkafar Larabawa, da naman rago, mai yana ƙyalli a kai. Tire guda kullum yana dawowa ba a taɓa shi ba.

Wata safiya ɗan tsohuwar nan Hajiya Maryam, Abdulkarim, wanda ya yi karatu a Madina kuma yana jin Larabci, ya same ni. Ya ce, “Ya mu'allim, mahaifiyata ce. Likita ya hana ta nama da maiƙo, shayi kawai take sha. An ce in ba ta samu ƙarfi ba, zuwa Mina zai yi mata wuya. Ka bar ta ta dafa da kanta.”

Na je wurin mudir, wato manajanmu, Abu Faisal. Ya ce mamnu', wato an hana. Dokar baladiyya ce, wato hukumar gari, wanda ba shi da katin lafiya ba ya taka kicin, kuma yana da gaskiya. Na ce, “To in ta zauna a bakin ƙofa, ita da baki, ni da hannu fa?” Ya ce, “Khalas, shi ke nan, amma ƙafarta kada ta wuce dokin ƙofa.”

Muka ruga shagunan 'yan Asiya a Misfala ni da Abdulkarim. Taliyar shinkafa, citta, kirfa, na'ana'a, ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sa wa a shayi. Sai ya ɗauko wani farin abu yana ƙoƙarin yi mini bayani. Na kwashe da dariya. “Ai wannan awara ce! Gwaggona a Kano da ita ta aurar da 'ya'yanta!”

Aka kawo wa Hajiya Maryam kujera. 'Yar ƙaramar mace ce, amma tana zama ta zama kwamanda. Ta sa na ƙona albasa da citta a kan wuta har suka yi baƙi, na zuba a ruwa da karas da kirfa. Na miƙa hannu zan ɗauko mai, ta daka mini tsawa da yarensu. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Kafin azahar wani ƙamshi ya tashi wanda ban taɓa ji ba, har masu gadi suna leƙowa. Romo garau kamar ruwa, ba nama ko tsoka ɗaya. Suna ce masa fo.

Na kai mata ɗanɗano. Ta kurɓa, ta rufe ido, ta miƙo kwanon a ƙara. Abdulkarim ya juya baya yana share fuska. Ni kuwa na yi kabbara har Abu Faisal ya fito daga ofis a guje.

Ta je Mina, ta tsaya Arfa da ƙafarta.

Da suka dawo, tawagar ta gayyace mu sama, mu duka masu girki. A falonsu suka shimfiɗa sufra, ledar cin abinci, suka ce yau ku ne baƙi. Ga wani faifan garin shinkafa siriri kamar takarda, a tsoma a ruwa, a naɗe ganye da awara a ciki, a dangwala a miyar gyaɗa. Gyaɗa fa! Suka ba ni tsinke biyu in ci da su, taliya ta dinga zillewa tana faɗa mini a riga, Hajiya tana dariya har da hawaye. Shekaru ina girki a Makka, ranar ce aka fara zaunar da ni aka zuba mini.

Don haka in kun ga tire ya dawo cike, kada ku ce alhaji ya cika iyayi. Ku hau sama ku tambaye shi me ake ci a gidansu.