Kifin da Kakata Ke Ƙullowa a Bakin Zane

Shekarun baya can, lokacin da Nasara ke haɗa kayansu za su bar mana ƙasa, ina 'yar yarinya a Cadawa, mahaifiyata ta haifi ƙanena. Mace ce da ake jin lugudenta daga bayan gari, amma bayan haihuwar nan sai ta zama wata daban. Ana tsakiyar bazara ita tana lulluɓe da gwado. Muryarta ta dishe, fuska ta kumbura, tana riƙe da taɓarya barci zai ɗauke ta.

Kakata, uwar mahaifina, ta yanke hukunci: sanyi ne ya shige ta don ta yi wasa da wankan jego. Aka koma dafa ruwa, aka ƙara wuta a ƙarƙashin gado, aka yi ta ɗura mata kunun kanwa. Da bai yi ba, sai magana ta koma son jiki. A bakin rijiya na fara jin ana ce wa uwata raguwa, kuma kakata ta soma zancen a mayar da ita gidansu, jaririn kuwa a bar wa ita kakar. Ni da ban iya komai ba sai ci, nan na koyi kuka a ɓoye.

Mahaifina bai musa wa uwarsa ba, amma ya roƙi arziki a motar gyaɗa ya kai mahaifiyata Maradi. A asibiti lokotoro, wato likita, ya sa ta haɗiyi ruwa yana taɓa wuyanta, ya ce maƙoƙo ne ya fara, abin da ke hura wutar jiki ne ya yi rauni. Ya ba ta maganin sha kullum, ya ce ta riƙa cin kifi, ta rage kanwa, kada ta ci rogon da bai jiƙu sosai ba. Ya ƙara da cewa kifin taimako ne kawai, kar a bar magani.

Aka gaya wa kakata. Ranar kasuwa ta dawo ta kwance bakin zaninta, ta ajiye busasshen kifi a ƙofar ɗakin mahaifiyata.

"Ke ɗiyar mutane, ki sa a miya. Ba na yara ba ne."

Ba ta taɓa cewa a yafe mata ba, kuma ba ta taɓa fasa kifin nan ba har ta rasu. Wajen lokacin girbi luguden mahaifiyata ya dawo, ko da yake muryar ba ta koma kamar da ba.

Yau na girmi kakata ta wancan lokaci. In na ji an ce wance ta cika son jiki, sai in tambaya ko an duba wuyanta. Har yanzu ba na iya wuce mai busasshen kifi ban yi wa uwata da kakata addu'a ba.