Firintar Ɗakin Jumare

Ranar ana marka, rana ba ta leƙo ba tun safe. Na ratsa taɓo na shiga gidan Jumare, abokina tun muna kai gero kasuwar Dogon Daji bisa jakuna. Na iske ɗansa Bilyaminu durƙushe a ɗakin uban yana jan wayoyi.

Tun rasuwar matarsa Saudat, Jumare ya rage magana. Ɗakinsa na can ƙuryar gida, amma shi ne ba ya yoyo, kuma nan batirin sola yake. Shi ya sa Bilyaminu ya ajiye firinta a ciki, ya haɗa ta da wata tsohuwar kwamfuta. Shi da ƙanwarsa Zulaihat, malamar firamare, kowa da tasa kwamfutar a sashensa. Daga can suke turo aiki ba waya, takarda ta fito ɗakin tsoho.

Da firinta ta fara ƙara sai Jumare ya gyara zama, ya san wani na tafe. Ya jera takardun, ya danne da carbi. Zulaihat in ta zo ɗauka takan zauna bakin gado, ta ba shi labarin makaranta. Ya taɓa ce mini, "Abin ga shi ka kira min su."

To ran nan firintar ta ƙi aiki. Zulaihat ta turo jarabawar yara, shiru. Bilyaminu ya kashe na'urar da ke haɗa kwamfutocin ya kunna, ya duba tawada, ya duba ko sunan firintar na nan a kwamfutar ƙanwarsa. Yana nan, amma ba ta amsawa. Can ya taɓa tsohuwar kwamfutar ya ji ta sanyi ƙalau.

"Baba, wa ya kashe wagga?"

"Ni na. Ba rana, batir na ƙasa. Ba kowa zaune gabanta, mi taka yi?"

"Haba Baba! Ta cikinta aikin ka bi kafin shi kai ga firinta."

Zulaihat ta yi dariya daga bakin ƙofa. "Baba injiniya!"

Jumare ma ya murmusa. Aka kunna, takardu suka zubo.

Sai Bilyaminu ya ce ba dalilin a riƙa damun tsoho da ƙara. Da rani ya gyara rufin sashensa, ya ja wuta can, ya kwashe firintar da kwamfutar. Ina wurin. Na duba Jumare ko zai ce a bari. Shi ne ma ya naɗe musu wayar.

Ba yaran banza ba ne. Suna gaishe shi da safe daga ƙofa, abinci ba ya latti. Zaman ne babu. Zulaihat kuma an mayar da ita wata makaranta a Kebbe.

Jumare yana nan Tambuwal, a ɗakinsa na ƙurya. Ina zuwa wurinsa bayan la'asar in ƙafata ta yarda.