Gangar da Duba-gari Suka Kifar

Ranar Litinin duba-gari suka shiga gidan yayata, suka kifar mata da gangar farar ƙasa a kwata. Wai matattarar sauro ce.

Shekara talatin Yaya tana haɗa fentin ɗaki da hannunta. A wurin babanmu ta koya, shi magini ne, ita ke riƙe masa tsani. Takan jiƙa farar ƙasa sati uku cur, kullum ta juya da muciya, sannan ta tace da tsohon mayafi, ta zuba gishiri da ƙaro. Mai son launi ta ƙara masa jar ƙasa. In silin ne, buroshi take ɗaurewa a gora, ta yi ta ɗaga kai har wuyanta ya sage. In bango ya bushe sai ta goga masa baƙin zane. In ya ɗauko fari, aiki bai yi ba, a sake. Rabin ɗakunan layinmu aikinta ne.

Wannan gangar kuwa saboda jikarta ta jiƙa, 'yar shekara shida mai ciwon asma, tana kwance a asibiti. Likita ya ce kada ta koma ɗakinsu sai an kashe funfunar da ta cinye bango da silin, kuma ban da fentin kanti, warinsa kaɗai ya isa ya shaƙe ta. Farar ƙasar nan ce maganin funfunar, kwana sha tara ta yi a jiƙe. Saura biyu.

Da duba-garin suka shigo, Yaya ta tare su: "Ɗana, dubi abin nan da kyau. Wane sauro ne zai rayu a ciki?"

Babbansu ya ce, "Mama, mu doka muka sani, ba girki ba."

"Ko girkin ne, ai ka tambayi mai tukunya."

Suka ture ganga.

Ranar Asabar za a sallami yarinyar. Ɗakina jikin injin niƙa yake, balle in ce a kawo ta. Yaya ta sake jiƙa wata, tana ta leƙawa kamar leƙen ne zai sa ta nuna. Ta sani sarai wadda ba ta jiƙu ba gari take zubarwa, yarinyar ce kuma za ta shaƙa. Ko abinci Yaya ba ta iya ci. Tambayarta ɗaya: "To ina zan kwantar da ita?"

Shugaban duba-gari, yaranka ne suka zubar. Ku kawo jiƙaƙƙiyar farar ƙasa kafin Alhamis, ko ku sama wa yarinyar nan ɗakin kwana har sati uku su cika. Kada wanda ya zo ba mu haƙuri hannu rabbana.