Ƙarfen da na ɗaura wa motar abokina

Shekarun baya, lokacin ina ganin duk Mubi babu mai walda kamata, abokina direba ya sayi wata ƙaramar mota yana jigilar fasinja zuwa Muchalla. Tare muka taso. Sati biyu da sayenta ɗan acaɓa ya goge shi, gaban motar ya lotse kamar gwangwanin madara.

Ya kawo ta garejina ransa a ɓace. "Mutumina, motan zamani ba shi da ƙashi. Ka sa mini ƙarfe mai kyau, ko saniya na buga kar ya ji komai."

Ni kuwa abin nema ya samu. Na cire bambar, na samo bututun ƙarfe mai kauri, na haɗe shi da ƙashin motar ta ciki, na bi duk inda na ga laushi na ƙara ƙarfe. Har cika baki na yi, na ce ko da tirela ya yi karo, tirelar ce za ta ji jiki.

Da damina ta yi nisa, wata safiya ya fita shi kaɗai zai ɗauko fasinja. Taya ta zame a laka, ya daki kan kwalbati. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ƙirjinsa ne ya bugi sitiyari.

Da aka jawo motar zuwa garejina, fitila ɗaya ce kawai ta fashe. Mutane suka taru suna shafa ƙarfen suna cewa, "Kai, wannan aiki ya yi kyau!" Ba zan ɓoye muku ba, cikin kukan ma sai da na ji daɗin yabon.

Bayan wata biyu ƙanwata, malamar kimiyya a sakandare, ta zo garejin. Na nuna mata motar, na ce ta duba, ko lotsewa ba ta yi ba. Ta duba ƙarfen, sannan ta ce:

"Yaya, in an wurgo maka ƙwai, ai ja da hannu baya kake yi kar ya fashe. Da gangan ake yin gaban mota da laushi. In ya lotse, motar ta tsaya a hankali, ƙarfe ya sha dukan. In ya ƙi lotsewa, tsayawar lokaci ɗaya ce, wanda ke ciki shi zai sha."

Na ce ai abokina ko bel ɗin kujera ma ba ya ɗaurawa, kuma kwana ya ƙare. Ta ce haka ne.

Na san rai na Allah ne, amma abin bai taɓa sakina ba. Tun ranar ban sake yi wa kowa irin aikin nan ba, ko za a ce na yi girman kai. Matarsa ta sayar da motar don ta ciyar da yara. Har yau motar tana bin hanyar Muchalla cike da fasinja. Sau biyu ina roƙon mai ita in cire masa ƙarfen kyauta, ya yi dariya ya ce saboda ƙarfen ma ya saye ta.