Carbin da Na Auna Gudun Sumaila da Shi

Da saukar ruwan farko na bana, shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Sumaila makwancinsa. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka duk abin da na faɗa a kansa a nan haƙƙina ne, ko yana raye bai isa ya hana ni ba.

Ban yi niyyar rubutu ba. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, kafin mushe malaminmu ya gane ni da boko ba mu dace ba, muka rabu lafiya. Amma farkon makon nan babban ɗansa Nasiru, wanda yanzu tela ne mai iyali, ya zo rumfata ta gyaran keke ya zauna. Ya ce ya fara gudun safe kamar babansa, yana so in faɗa masa mafi kyawun lokacin da marigayin ya taɓa yi daga gindin gada zuwa tsamiyar hanyar Gene, don ya san abin da yake kora. Na ce ya dawo ran Lahadi. Tun ranar nake neman abin da zan ce masa.

Sumaila ɗan dako ne a kasuwar albasa. Da aka ɗaga shi ya koma mai duba lodin manyan motocin kamiyo, buhu ya sauka daga kansa, tumbi ya fito. Sai ya shiga cikin wasu magidanta shida da ke gudu kowace Lahadi bayan asuba. Ni aka naɗa alƙalin lokaci, saboda ni ke da keke. Agogon da ke lissafa daƙiƙa kuwa babu mai shi a cikinmu. Sumaila ne ya kawo dabara: in bi shi a kan keke, hannu ɗaya riƙe da kan keken, ɗaya da carbi, ina jan subhanallahi. Duk zagaye ɗaya in jefa tsakuwa a aljihu. A gindin tsamiya mu zazzage mu ƙirga. Ya ce ga lokaci ga lada.

Ranar farko tsakuwa goma sha uku muka samu. Matsalarsa ɗaya ce, kowa ya san ta. A bakin gada akwai 'yan duwan masu karɓar harajin kaya, akwai jandarma, akwai mai shayi da masu jiran a buɗe iyaka su haye Gaya. Da Sumaila ya ga idanu sai ya fizga kamar an sako rago daga turke. Kafin mu kai gonakin shinkafa, inda babu mai kallo sai balbela, ya zama abin tausayi. Wani tsohon malamin wasanni da ke cikin ƙungiyar ya sha gaya masa cewa mai gudu ya fara da saurin da zai iya amsa gaisuwa cikakkiya, har ina gajiya da ina gida, ya adana ƙarfinsa don ƙarshe. Sumaila ya ce shi ba gaisuwa ya fito yi ba.

A nan laifina ya shigo. Wata Lahadi na ga yadda yake kallon aljihuna yana haki, idanunsa jajir, kamar mai jiran hukunci. Mako na gaba sai na ɗan ja subhanallahin. Na ba kowane harafi haƙƙinsa, har da ƙari. Tsakuwa sha biyu. Ya rungume ni, ya saya mini shayi da burodi. Bayan wata biyu na fara haɗa wa bihamdihi a kan kowace ƙwaya. Sha ɗaya. A shekara uku na sauko da shi har tara, ba tare da ƙafarsa ta san an yi ba. Ban taɓa ƙarya da baki ba, tsakuwar da ke aljihu ita nake ƙirgawa. Harshena ne kawai ya koyi natsuwa a wurin zikiri, abin da limaminmu ya daɗe yana roƙona.

Wata shekara aka shirya gasar gudu a gari, kusan tsawon hanyarmu, aka kawo wani mutum da agogon gaske rataye a wuya. Sumaila ya yi lissafi ya ga mai tara ba ya jin tsoron kowa. Ya tsaya a sahun gaba tare da samari, ya tashi da tashinsu. A tsakiyar hanya ya zauna a bakin titi. Ya ƙarasa da tafiya, lokacin masu tallar kunu sun fara haɗa kwanukansu.

Bai yi faɗa ba. Ya ja ni gaban mai agogon ya ce in yi zagaye ɗaya yadda na saba. Na yi, sai tsoro ya sa zikirin ya fito da saurinsa na asali. Ya sa aka buga lissafi, aka ga tara ba gaskiya ba ce. Ya dube ni ya ce:

"Garba, shekara nawa kana tausayina?"

Na ce uku.

"To ya isa hakanan. Daga Lahadi ka ja shi kamar kana da wurin zuwa."

Daga nan na yi gaskiya, shi kuma ya yi hankali. Ya koyi wuce 'yan duwan a hankali yana amsa gaisuwarsu, suna yi masa ba'a cewa tsufa ya zo. Yana isa gonakin shinkafa da sauran numfashi. Tsohon malamin ya ce yanzu ne ya zama mai gudu. Sai dai ciwon da ya ɗauke shi ya riga ya shiga jikinsa, ba mu sani ba. Sha biyu muka fara samu, sannan sha uku, sha huɗu. Yana gudu daidai kamar yadda aka koya masa, tsakuwa tana ƙaruwa. Kowace Lahadi ni ke zazzage aljihu a gabansa, ba ni da ikon rage ko ɗaya, don ya hana ni. Ranar ƙarshe sha bakwai ne. Ya ce in sake ƙirgawa, na sake. Ya ce to, ya hau bayan kekena muka koma gida.

Yanzu ina ganin masu gudun safe da salula ɗaure a damtse, wata murya tana faɗa musu saurinsu kowane kilomita. Nakan tambayi kaina me Sumaila zai ce. Ina jin da farko zai zage ta, ya ce ba ta da ladabi. Bayan haka zai so ta fiye da ni, domin ita ba taubashiyar kowa ba ce. Masu tashi da ƙarfi a bakin gada kuwa suna nan ba su ragu ba. Har yau ina ganinsu a gonakin shinkafa, hannu a ƙugu, salula na ta magana.

Abin da ya rage na Sumaila ba shi da yawa. Biyu daga cikin magidantan nan shida suna raye, kuma duk sabon da ya shigo ƙungiyar sai sun ce masa ya gaida mutane a bakin gada. Ba su san daga wa suka ɗauka ba, ko sun manta. Amma lokacinsa na gaskiya, na shekarun da yake da ƙarfi, babu wanda ya san shi, har shi kansa. Ni na ɓatar da shi da hannuna. Tara tawa ce, ba tasa ba. Sha bakwai ta ciwo ce.

Idan na ce wa Nasiru tara, zai kori abin da babansa bai taɓa yi ba, ya tashi da ƙarfi ya zauna a bakin titi. Idan na ce sha biyu, zai wuce ta cikin wata guda ya ɗauka ya fi ubansa, alhali marar lafiya ya wuce. Lahadi jibi ce. Na san zai shigo da sallama ya ce, "Baba, ka tuno?" Zan ba shi kujera in faɗa masa duk wannan, in bar shi ya tafi ba lamba. Allah Ya jiƙan Sumaila, Ya sa wanda ke riƙe da lissafinsa a can ya fi ni iya tausayi.