Sanarwar da Na Karanta Kafin Damina

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Iyakar karatuna firamare, kuma ina tsoron in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Amma abin ya ƙi barin raina.

Shekara huɗu na yi a wani babban kamfanin shinkafa mai rumbuna a Birnin Kudu da Gwaram. Aikina isar da saƙon ofis ga ma'aikata. Takarda takan zo da Turanci, sakatare ya fassara mini, ni kuma in ɗauki muryata a waya in tura wa kowa. Nakan sake ɗauka har sau biyar, don kada in ƙara ko in rage.

Al'adar leburorinmu, da hadari ya fara haɗuwa sai kowa ya nemi sanin matsayinsa. In aiki zai ɗore ya zauna, in ba haka ba ya koma gona. Wata shekara manaja ya ba ni sanarwa cewa ba wanda za a sallama da damina. Na tambaye shi sau biyu ko tabbas ne. Ya ce, "Malam, kai dai karanta. Ko kai ne mai kamfanin?"

Na karanta.

Washegari wani dattijo mai ɗinkin buhu, mutumin Kwandiko, ya tare ni a bakin sikeli.

"Ɗana, na ji muryarka. Maganar ofis ce ko taka?"

"Ta ofis ce, Baba."

"Ofis ba shi da lahira. Kai nake tambaya."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. A kan maganata ya ba maƙwabcinsa aron gonarsa.

Gero ya kai gwiwa aka miƙo mini jerin waɗanda aka sallama in liƙa a allo. Sunansa ne na uku. Na duba kwanan watan takardar, ashe an sa mata hannu tun kafin sanarwata. So suke a gama loda shinkafar rumbu kafin mutane su watse. Da na tunkari manaja, gyaɗa yake ci, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce in tura wa kowa fatan damina mai albarka. Na tura, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Daga baya na je Kwandiko, aka ce dattijon ya kwashe iyalinsa ya tafi neman aiki, ba a san ina ba. Dogo ne, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Don Allah wanda ya san inda yake ya bar mini saƙo wurin masu shayin tashar Gwaram. Ina so in ji yadda ya ciyar da gidansa a waccan shekarar, in kuma nemi gafararsa.